Wanda Ya Aza Makaranta Shi Ya Yanka Wa Fili Farashi

Duk wanda ya san Dutse kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, wato ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, ya kuma dubi yadda garin yake a yau, zai shaida cewa babu abin da ya sake kama a cikinsa kamar ƙasa. Domin gonar da a da ake bayar da aronta saboda zumunci, ko a jinginar da ita a kan ɗan abin da zai fid da magidanci kunyar biki, yanzu ita ce ake aunawa da ƙafa, a kafa mata turaku a kusurwa huɗu, a kira ta fuloti, dillalai su yi ta safa da marwa a kanta. Mutane sukan ce zaman hedkwata ne ya jawo haka, kuma sun yi gaskiya, don kuwa mun ga yadda garin ya yi sanyi a zamanin da Gwamna Saminu Turaki ya rarraba ma'aikatu zuwa manyan garuruwan masarautu, muka kuma ga yadda ya farfaɗo bayan 2007, sa'ad da Gwamna Sule Lamido ya tattaro su wuri guda. Amma akwai wani sababi da ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa a ganina ya fi sakatariya da kasuwa da filin jirgin sama daɗewa a cikin aljihun talaka, shi ne makaranta: inda aka aza ta, da irin malaman da aka tura mata, da nisan da ke tsakaninta da ƙofar gidan mutum.

Kafin in shiga sha'anin gida, ya kyautu mai karatu ya ji yadda wannan mas'ala ta kasance a ƙasashen da ta kai matuƙa, domin mai hankali yakan gane inda hanya ta nufa idan ya dubi waɗanda suka riga shi binta. A Amurka an raba kowane gari yanki-yanki, kowane yanki da makarantunsa, kuma galibi yaro ba shi da ikon shiga makarantar gwamnati sai ta yankin da gidan iyayensa yake. Sa'an nan babban rabo na kuɗin da ake gudanar da makarantun daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Saboda haka unguwar mawadata takan sami makaranta mai kyau don gidajenta na da tsada, gidajenta kuma su ƙara tsada don makarantarta na da kyau, unguwar matalauta kuwa ta yi ta komawa baya ta fuska biyu. Iyaye matalauta daga birnin San Antoniyo na jihar Tekzas sun kai wannan kuka kotu, har ya je Kotun Ƙoli, kotun kuwa a 1973, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce tsarin bai saɓa wa tsarin mulkin ƙasar ba. A 1999 wata masaniyar tattalin arziki, Sandra Black, ta gwada gidajen da ke daura da juna a garuruwan da ke kewayen birnin Boston, masu unguwa ɗaya da haraji ɗaya, ba abin da ya raba su sai layin makaranta, ta tarar cewa idan sakamakon jarrabawar wata firamare ya ɗara na maƙwabciyarta da kashi 5 cikin 100, gidajen da ke ɓangarenta sukan ɗara tsada da kimanin kashi 2 da rabi. Har ma a 2011 aka tsare wata mata a kurkuku na 'yan kwanaki a jihar Ohayo, laifinta shi ne ta rubuta adireshin gidan mahaifinta don 'ya'yanta su shiga makarantar da ta fi ta unguwarsu. A birnin Bejin na ƙasar Sin kuma an sha ganin tsohon ɗaki wanda da ƙyar zai ɗauki gado ana sayensa da dukiya mai yawa, don kawai yana cikin yankin wata shahararriyar firamare.

Mai karatu zai ce, to ina ruwanmu, mu da ba mu da irin wannan layi? Lalle a takarda ba mu da shi. Uba a Dutse yana iya ɗaukar ɗansa daga Limawa ya kai shi firamaren Takur, hedimasta ba zai tambaye shi takardar mallakar gida ba; kuɗin makarantun gwamnati kuma daga kason tarayya da baitulmalin jiha da na ƙananan hukumomi yake zuwa, ta hannun hukumar ilimin bai ɗaya, ba daga harajin gidajen unguwa ba. Iyakar da muka sani a sha'anin ilimi ta asali ce, ba ta mazauni ba, kamar yadda ake raba guraben jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga yankin da jami'a ke yi wa hidima, 20 ga jihohin da aka bari a baya a karatun zamani. Wannan kuwa takardar shaidar ɗan ƙasa daga ƙaramar hukuma take nema, ko da mutum a Legas yake kwana. Rashin irin wannan layi ni'ima ce da ya kamata mu gode wa Allah a kanta, mu kuma yi hattara da duk wanda zai zo wata rana da shawarar a ɗaure shiga makaranta da adireshin gida da sunan tsari.

Sai dai rashin layi a takarda bai hana samuwar iyaka a ƙasa ba, kuma wadda muke da ita ta fi tasu wuyar gani, saboda haka ta fi wuyar kai ƙara. Iyakarmu ita ce inda ƙafar yaro ɗan shekara bakwai za ta iya kai shi da sanyin safiya ta kuma dawo da shi a cikin ranar bazara. Bayan wannan kuwa sai inda kuɗin adaidaita sahu ko na acaɓa ya tsaya. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye 1,000, wannan iyaka ta ƙara matsowa kusa da ƙofar talaka. Magidanci mai 'ya'ya huɗu ko biyar, wanda zai biya kuɗin kai su da na ɗauko su kwana biyar a mako, ga kuɗin tara, ga kuma Islamiyya da yamma, ba ya bukatar malamin lissafi kafin ya gane cewa ɗaki ciki da falo mai tsada a kusa da makarantar kirki ya fi masa sauƙi a kan gida mai arha a bayan gari. Mai gidan haya ma ya san da wannan lissafi, dillali kuwa ya riga su duka saninsa, shi ya sa in yana yabon fili, bayan ya ce yana bakin titi, akwai wuta, ruwa ba ya kwanciya, sai ya ƙara da cewa ga makaranta nan yara da ƙafa za su je. Wannan kalma ta ƙarshe kuɗi ce, kuma mai saye ne zai biya ta. Ashe ke nan wani kaso na abin da muke kira kuɗin haya a Dutse, bisa haƙiƙa kuɗin makaranta ne, illa iyaka ba ya shiga asusun makaranta, ba ya sayen alli ko benci, ba ya ƙara wa malami ko anini. Aljihun mai ƙasa yake faɗawa. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas ne, amma kyautar da sai mai iya zama kusa da ita zai ci moriyarta, sunanta kawai ya rage.

Abin ya fi tsanani a kan 'ya'ya mata, domin uban da zai bar ɗansa namiji ya taka sayyada ko ya hau keke zuwa wata unguwa, ba lalle ya bar 'yarsa da ta fara girma ta yi haka ba, kuma ba zan zarge shi ba. In ƙaramar sakandare ta yi nisa, karatun yarinya yakan tsaya a aji shida, ba don iyayenta sun ƙi boko ba, sai don gidansu ya faɗo a bayan wata iyaka da babu wanda ya zana ta, babu kuma wanda zai amsa laifinta.

Babbar hujja a kan yadda makaranta ke ɗaga darajar fili ita ce Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011 tare da wasu sababbin jami'o'i a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, aka aza ta a kan hanyar Ibrahim Aliyu. Kowa ya ga abin da ya biyo baya. Jami'a ba ɗalibai kaɗai take kawowa ba, tana kawo malamai da ma'aikata da iyalansu, waɗanda ke neman gidan zama, su kuma nemi makarantar da za su sa 'ya'yansu. Masu makarantun kuɗi su biyo su, masu shaguna su biyo masu makarantu, ɗaliban da ɗakunan kwanan jami'a ba su ishe su ba kuma su bazu cikin unguwanni irin su Gida Dubu da Yalwawa da Danmasara suna neman haya. Mai gida ya duba ya ga in ya raba gidansa ɗaki-ɗaki ya ba ɗalibai, abin da zai tara a shekara ya zarce abin da magidanci ɗaya zai iya ba shi, sai wa'adin magidanci ya cika a ce masa ana bukatar gida. Ina zai nufa? Sai can gefen gari, inda aka yanka gonaki awon igiya, ba titi, ba magudanar ruwa, ba a kuma bar ko taku ɗaya don makaranta ba. Ba a Dutse aka fara ba: haka Samaru ta zama gari a gindin Jami'ar Ahmadu Bello tun daga 1962, haka gonakin hanyar Gwarzo suka zama unguwanni bayan Jami'ar Bayero ta koma sabon mazauninta, haka kuma Kafin Hausa take gani tun da aka kafa jami'ar jiha a can a 2013. Bambancin kawai shi ne Dutse tana da sauran fili da sauran lokaci, Samaru da hanyar Gwarzo kuwa sun riga sun cushe.

A nan ne nake so in daɗe kaɗan, domin a nan zalunci yake ɓuya. Tun daga dokar ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, kuma idan hukuma ta karɓi gonar mutum don maslahar jama'a, diyyar da doka ta tanadar masa ta abin da ya aza ne a kan ƙasar, wato shuka da itatuwa da gini, ba ta darajar da ƙasar za ta yi gobe ba. To, a dubi manoma biyu maƙwabtan juna. Na farko gonarsa ta faɗa cikin harabar makaranta, aka ƙirga masa dabinonsa da mangwaronsa da gerons da ke tsaye, aka sallame shi. Na biyu gonarsa tana bayan katanga, ya kamata a ce shi ne ya tsinci dami a kala. Amma sau da yawa kafin a kafa allon sanarwa, wani mai kunne a ofis ya riga ya aiko dillali ya saye ta a farashin gona, a gaban mai unguwa da shaidu, aka yi tayi, aka yi albarka, aka sallama, aka biya la'ada, kowa ya shafa fatiha. Bayan shekara biyu sai manomin ya wuce ya ga ana sayar da fuloti ɗaya daga cikinta a kan abin da ya fi kuɗin gonar gaba ɗaya. Ba a yi masa ƙwace ba, ba a kuma yi masa ƙarya da baki ba. An dai saye daga hannunsa abin da bai san yana da shi ba.

Ni ba mufti ba ne, kuma fatawa ta malamai ce, amma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a littattafan fikihu ya san shari'a ta hana tarbar ayari a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa, kuma daga cikin illolin da fukaha'u suka ambata akwai cewa mai kaya bai san farashin gari ba, shi kuwa mai tarbar ya sani. In an hana wannan a kan buhun gero da tandun mai, ina roƙon malamanmu na Dutse da Birnin Kudu da Ringim su duba mana, shin ma'aikacin da aka ba amanar sanin inda za a aza makaranta, ya juya ya yi kasuwanci da wannan sani a kan jahilcin talaka, ƙiyasinsa bai fi kusa da mai tarbar ayari ba? Su kuma duba mana dillalan da ke haɗa baki suna taya fili ba da niyyar saye ba, sai don su ɗaga shi a idon mai bukata, wanda shi ne najashi da littattafai suka ambata da sunansa. Magabatanmu ba su ɗauki sha'anin ƙasa abin wasa ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasa, fikihun Malikiyya kuma ya san hurumin gari, wato abin da jama'a ke amfana da shi tare, wanda ba ya halatta mutum ɗaya ya mallake. A zamanin da hurumi makiyaya ce da wurin itace da bakin rijiya. A wannan zamani ban ga abin da ya fi filin makaranta cancantar wannan suna ba.

Akwai kuma wani abu da ya sauya a hankali ba mu lura ba. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda Alhaji Aliko Dangote ma ya yi karatu a cikinta, ko a makarantun kimiyya irin na Kafin Hausa da Taura, ko Kwalejin Tarayya ta Kiyawa, ba gidan ubansu ne ya kai su ba, jarrabawa ce. Ɗan manomi daga Gwaram ko Jahun ko Miga ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan hakimi, su ci tuwo ɗaya, malami ɗaya ya karantar da su. Makarantar kwana, da dukkan wahalarta, ta raba karatun yaro da darajar unguwarsu. To, yau ga tsadar ciyarwa, ga kuma fargabar da ta shiga zukatan iyaye a Arewa duka bayan abin da ya faru a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021. Ko da yake Allah ya kiyaye Jigawa daga irin wannan musiba, hankalin mutane ya karkata ga je-ka-ka-dawo. Duk kuwa sa'ad da karatu ya koma je-ka-ka-dawo, mazaunin uba ya zama rabin rabon ɗa.

Na san abin da masu gidaje da dillalai za su ce, kuma maganarsu tana da fuska. Za su ce kasuwa ce, kowa da haƙƙin ya sayar da abinsa yadda ya yi masa daraja. Siminti ya yi tsada, rodi ya yi tsada, kwano ya yi tsada, wanda ya zuba dukiyarsa ya gina ɗakuna ya rufa wa ɗalibai asiri bai cancanci zagi ba. Na yarda. Ban kuma nemi hukuma ta yanka wa haya farashi ba, domin an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an roƙe shi ya ƙayyade farashi a Madina bai yi ba, kuma a aikace ma dokar ƙayyade haya takan ƙare ne a takarda, mai gida ya karɓi ragowar a bayan fage. Maganata ba da mai gida take ba. Tsadar da ke kewaye da makarantar kirki alama ce ta ƙarancin makarantun kirki; da a ce firamaren Kachi da ta Madobi da ta Shuwarin da ta kowane ƙauye a ƙasar Kiyawa suna da malamai da azuzuwa daidai da wadda manyan ma'aikata ke kai 'ya'yansu, da babu uban da zai ƙara ko sisi a kan haya saboda makaranta. Wanda ke rattaba hannu a kan takardar tura malamai, ya cika makarantun cikin gari har wasu su rasa ajin shiga, ya bar ta ƙauye da hedimasta da mutum biyu, shi ne ke yanka wa filaye farashi, ko ya sani ko bai sani ba.

Saboda haka kirana ga Gwamna Malam Umar Namadi da Majalisar Dokokin Jiha da ma'aikatar ƙasa shi ne, kada a sake amincewa da yanka wata sabuwar unguwa a Dutse, ta gwamnati ce ko ta awon igiya, sai an fara fitar da filin firamare da na ƙaramar sakandare, an yi masa takarda da sunan jama'a, an kuma haramta mayar da shi shaguna ko gidaje ko da bayan shekara ashirin ne, domin mun ga yadda aka yi da filayen makarantu a manyan biranen Arewa har yara suka rasa inda za su yi wasa. Idan kuma hukuma ta ƙudura aza babbar makaranta a wani wuri, to a yi shela a rediyo da masallatan Juma'a da bakin dagatai tun ranar da aka yanke shawara, yadda manomi zai ji a rana ɗaya da babban sakatare. Masarautar Dutse, wadda hakimanta da dagatanta da masu unguwanninta ne shaidun kusan kowane cinikin gona, tana da ikon ta umarce su kada su sa hannu a kan takardar da suka san an rufe wa mai gona ido a cikinta. Attajiranmu kuwa, masu neman sadaka mai gudana, su sani gina gidajen kwanan ɗalibai a matsayin wakafi kusa da jami'a zai sauƙaƙa wa ɗalibi, ya kuma bar wa magidanci ɗakinsa.

Ga iyaye 'yan uwana kuma, musamman mazauna sababbin unguwanni, kada ku jira sai an gama gine ko'ina sa'an nan ku fara neman inda za a sa aji. Ku haɗu tun yanzu, ku je wurin mai unguwa da kansila da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku nuna musu kangon da ya rage, ku nemi a rubuta shi da sunan makaranta kafin dillali ya kai masa tayi.